Ni Ne Na Ɗaya A Ƙauye, Amma Jami'a Ta Kusa Sallama Ta

An haife ni a ƙauye, a gidan manoma, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya shiga jami'a da sunan ɗalibi. Tun daga firamare har na gama sakandare ban saba da komai ba sai na ɗaya ko na biyu. Malamai na yabo na, dattawa na sa mini albarka, ni kuma na sa a raina cewa karatu abu ne da Allah Ya hore mini, duk inda na je haka zai kasance. Shekara guda da shiga jami'a aka liƙa lambata cikin jerin waɗanda aka yi wa gargaɗi: ko sakamakonsu ya gyaru a shekara mai zuwa, ko a sallame su. Yau ina koyarwa a jami'a, kuma cikin aikina har da kula da 'yan aji ɗaya. Duk shekara sai na ga yara sun biyo hanyar da na bi, suna tuntuɓe daidai inda na yi, shi ya sa nake so in faɗi abin dalla-dalla.

A sakandarenmu malami ɗaya ne ke koyar da lissafi da ilimin sinadarai da na halittu. Mutumin kirki ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. Zai cika allo da rubutu, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa yadda ya ba mu. Wanda ya fi ƙarfin hadda shi ne gwani, ni kuwa Allah Ya ba ni hadda. Ba mu da ɗakin gwaji. Kayan gwajin da ake tambaya a jarrabawa a allo aka zana mana su, muka haddace sunayensu da amfaninsu. Da wannan guzurin na ci jarrabawar fita da ta shiga jami'a, aka ba ni gurbin karanta kimiyyar ƙasar noma.

Labarin samun gurbin bai iso ni da wuri ba, sannan haɗa kuɗin tafiya ya ƙara cin lokaci. Ko da na isa an riga an yi taron wayar da kan sababbin ɗalibai, an raba littafin dokokin karatu, lakca ta yi nisa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan taro a matsayin biki kawai, alhali a nan ake gaya wa ɗalibi wane ne malamin da ke kula da ajinsa, ina allon sanarwar sashensu yake, yaushe ake rufe damar ƙara kwas ko ajiye shi, da kuma yawan halartar lakca da ake buƙata kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. A jami'armu kashi 75 cikin 100 ne. Ban ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai bayan sun cije ni.

Rajista a intanet ake yi, ni kuwa ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Na ba mai shagon intanet takarduna na tsaya a bayansa. Ya tambaye ni kwas nawa zan ɗauka, na ce ya sa duk abin da aka yarda a ɗauka, don a tunanina yawan kwas alamar ƙwazo ce. Ya cika mini yunit har iyakar da doka ta ba da dama. Ɗan ajinmu da ke kusa da ni, wanda yayyensa biyu suka gama jami'a, ya ɗauki na dole kawai da na zaɓi guda, don an gaya masa tun daga gida cewa zangon farko ba a yi masa lodi.

Yunit shi ne nauyin kwas, yawanci gwargwadon awoyin da ake koyar da shi a mako. A tsarin maki biyar, A tana da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifili. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. Inda ciwon yake shi ne kwas ɗin da ka faɗi ba ya ba ka ko maki ɗaya, amma yunit ɗinsa na nan cikin abin da za a raba da shi. Ɗalibin da ya ɗauki kwas shida masu yunit uku-uku ya samu B, C, C, D, F, F, makinsa 36 ne a kan yunit 18, wato 2.00. Da kwas huɗun da ya ci kawai ya ɗauka, da 3.00 yake da shi. Lissafi ne da ɗan firamare zai iya, amma sai an nuna wa mutum.

Lakcar farko da na shiga a babban zaure ne, ɗalibai ɗaruruwa. Na zauna can baya, don ban ga kaina a matsayin wanda zai ratsa mutane ya je gaba ba. Malamin bai rubuta kusan komai a allo ba, magana kawai yake yi da Turanci mai sauri, lasifika na ƙara tana yankewa. Na yi ta ƙoƙarin rubuta kowace kalma kamar yadda na saba. Kafin in gama jimla ɗaya ya yi uku. Na fito da shafuka cike da guntayen jimloli da ba su haɗu da juna ba, da dare na zauna in haddace su, babu abin haddacewa. Turancin da na iya na karatu ne da rubutu, kunnena bai saba da shi a bakin mai sauri ba, bakina kuma bai saba furta shi a gaban jama'a ba.

Ɗakin gwaji ya fi ba ni tsoro. Aka ba mu buret, dogon bututun gilashin nan mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasa, aka ce mu ɗiga asid cikin wani ruwa har launi ya sauya. Na san zanensa sarai, amma hannuna rawa yake yi don kada in fasa a ce in biya. Ban san ana fara ɗauraye shi da ruwan da za a zuba a ciki ba. Ban san ana buɗe famfon a kori kumfar iskar da ke maƙalewa a bakinsa ba, wadda in ta fita a tsakiyar gwaji take ɓata awon gaba ɗaya. Ban san ana sunkuyawa ido ya yi daidai da saman ruwan a karanta ƙasan lanƙwasarsa ba, ni daga sama nake leƙawa. Ana so a maimaita gwajin har a samu awo biyu da bambancinsu bai wuce mililita 0.10 ba, nawa kuwa kowanne da inda ya nufa. Yarinyar da aka haɗa mu tebur ɗaya ta yi wannan gwaji tun tana sakandare, cikin ɗan lokaci ta gama ta wanke kayanta. Mai kula da ɗakin gwajin yana tsaye taku kaɗan daga inda nake, aikinsa ke nan ya nuna wa irina, amma ban iya buɗe baki ba.

Wannan shirun shi ne ya fi komai yi mini illa, kuma daga tarbiyya mai kyau ya samo asali. An rene ni a kan cewa yaro ba ya tare babba da tambaya, ba ya shiga wurinsa sai an kira shi. A gida wannan ladabi ne, kuma har gobe ina alfahari da shi. A jami'a kuwa malami yana ɗauka duk wanda bai zo ofishinsa ba ya gane ne. Sai kunyar ladabi ta haɗu da wata kunyar, ta kada a gane baƙauye ne ni. Na taɓa yin tambaya a aji, wasu suka yi dariyar yadda na furta wata kalma, daga ranar na kulle bakina har ƙarshen shekara.

Akwai kuma tes da aikin gida, waɗanda a yawancin kwasa-kwasanmu suke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Ni na taso da sanin jarrabawar ƙarshe ita ce komai. Da aikin gona ya taso aka aiko cewa Baba ba shi da lafiya kuma babu mai taimako, ban yi shawara da kowa ba na tafi. A bayana aka yi tes biyu. Da na san ana rubuta takardar neman izini ta hannun malamin aji, a haɗa da shaida, da wataƙila an sake ba ni dama. Wanda ya rasa maki 30 tun kafin jarrabawa, ko ya amsa rabin tambayoyin daidai, 35 zai tashi da shi, faɗuwa ke nan. Aikin gida kuma da na yi, na kwafo shafi guda daga littafin laburare da kyakkyawan rubutu, irin abin da ake yaba mini a kansa a da. Aka ba ni sifili, aka rubuta da jan biro cewa satar aikin wani ce, tunda ban faɗi inda na ɗauko ba kuma ban sa shi cikin kalmomina ba. Na daɗe ina kallon takardar nan. A rayuwata ba a taɓa danganta ni da sata ba.

Da sakamakon shekara ya fito, CGPA ɗina, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da na ɗauka bisa wancan lissafin yunit, 1.40 ne, iyakar da ake yi wa gargaɗi kuwa 1.50, ga kwasa-kwasan da zan maimaita. Ban yi kuka ba, wani irin sanyi ne ya rufe ni. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da suka haɗa kuɗin tafiyata, da ƙannena da ake cewa su yi koyi da ni. Na fara gaya wa kaina cewa dama can ƙoƙarin nawa na ƙauye ne, na ɗaya a cikin marasa gani. Barci ya ƙaurace mini, na daina zuwa inda 'yan ajinmu ke taruwa. A hutu duk wanda ya tambaye ni karatu sai in ce alhamdu lillahi in kawar da kai.

Wata rana muna dawowa daga gona na gaya wa Baba gaskiya. Ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce, "In ka ga ba za ka iya ba, ka dawo. Gona tana nan, kuma ba wanda zai zage ka ina raye. In kuma za ka koma, kada ka koma don kunyar mutane." Na zaci faɗa zai yi. Maganar nan ta sauke mini nauyin da ya fi na karatun, don ta mayar da zaɓin hannuna. Na kwana ina juya ta, na tarar ina son karatun don kansa. Ina son in san dalilin da ya sa gefe ɗaya na gonarmu ke riƙe ruwa ɗayan kuma ba ya riƙewa. Na koma.

Abu na farko da na yi shi ne neman malamar da ke kula da ajinmu, wadda shekara guda ban san ofishinta ba. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga har ta ɗago ta gan ni. Ta ce, "Shigo mana, ɗana, zauna." Na ce, "Malama, ni ne mai 1.40." Ba ta yi mini wa'azi ba, takarda ta jawo. Ta rubuta yunit 40 da na ɗauka da maki 56 da na samu. Ta ce mu ƙaddara yunit 120 suka rage mini. In ina son in fita da 3.50, matakin digiri mai daraja ta biyu babba, sai na tara maki 560 gaba ɗaya, wato in riƙa samun matsakaicin 4.20 a duk abin da ya rage. In kuwa 2.40 nake nema, matakin daraja ta biyu ƙarama, 2.73 ya ishe ni. Ta ce, "Na farkon da wuya, na biyun yana hannunka. Amma bana ba ɗaya daga cikinsu muke nema ba, so muke ka tsallake 1.50 da tazara." Ranar ce na fara ganin matsalata a matsayin lissafi mai mafita.

Ta sa na fara yin rajistar kwasa-kwasan da na faɗi kafin sababbi, ta hana ni ɗaukar duk wani kwas da aka gina a kan wanda ban ci ba, ta rage mini yunit zuwa kusa da mafi ƙarancin da aka yarda. Ta ce in koma layi na biyu ko na uku a zaure, in je wurin mai kula da ɗakin gwaji a ranar da babu aji in roƙe shi ya bar ni in taɓa kayan. Na je. Mutumin nan ya ji daɗi ma da aka tambaye shi, ya sa na yi ta cika buret da ruwan famfo ina karantawa har hannuna ya daina rawa.

Ita ce kuma ta nuna mini tsarin rubutun lakca da Walter Pauk ya fito da shi a jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950. Ana ja layi a tsaye a raba shafi, gefen hagu siriri, na dama mai faɗi, a bar ɗan fili a ƙasa. A dama kake rubuta manyan batutuwa da misalai a gajarce lokacin lakca, ba kowace kalma ba. A ranar, kafin ka kwanta, sai ka rubuta tambayoyi a hagu waɗanda abin da ke dama ke amsawa, a ƙasa kuma ka taƙaita shafin da jimla biyu cikin kalmominka. Wajen bita sai ka rufe dama ka amsa tambayoyin da ka. Yin sa a ranar yana da dalili: tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, daga baya take lafawa. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 kuma ya nuna cewa wanda ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. Haddata ba ta tashi a banza ba, ta samu inda za ta yi aiki ne. Na kuma tattara tambayoyin shekarun baya, na lura cewa in an ce a kwatanta abu biyu, ba a son ka zuba duk abin da ka sani a kan kowanne daban, so ake ka jera inda suka yi kama da inda suka saɓa. Maki da yawa na zubar a nan a shekarar farko.

Na shiga rukunin karatu na mutum huɗu, biyu 'yan birni ne. Ɗaya ya koya mini buga rubutu a kwamfuta, da adana shi a wuri biyu, da yadda ake aika wa malami saƙon imel. Muka yi yarjejeniya kowa zai yi wa sauran bayanin darasi da baki, a nan harshena ya warware. Da muka fara fita fili sai abin ya juya. Aka ce mu gane nau'in ƙasa da hannu: a jiƙa ɗan dunƙule, a murza tsakanin babban yatsa da manuni a tura shi ya fito kamar zare mai faɗi. In ya karye kafin santimita 2.5 yumɓunsa kaɗan ne, in ya wuce santimita 5 yumɓu ya yi rinjaye, yashi kuma ana jin ƙarzarsa a yatsa. Abokaina suna ta duba takarda, ni kuwa yatsuna sun san wannan tun ina yaro, sunaye da lambobi kawai aka ƙara mini. Tashi da asuba, yin aiki awoyi ba mai tsaye a kaina, zama da kaɗan ba tare da hankalina ya tashi ba, duk daga ƙauye na zo da su, kuma su suka riƙe ni da na gane inda zan sa ƙarfina.

Na fita daga gargaɗi a shekarar, na kuma gama da daraja ta biyu ƙarama. Shekarar farkon nan ta bi ni har ƙarshe: akwai tallafin karatu da ayyukan da ban isa in nema ba saboda ita. Sai da na yi aikin malamin gona na wasu shekaru kafin in koma in yi digiri na biyu da na uku.

Yanzu da nake zaune a ɗaya gefen teburin, ra'ayina shi ne kalmar ƙauye da birni ba ta faɗin duk gaskiyar. Na ga yaran unguwannin talakawa na birni da suka zo ba su san yunit ba kamar ni, na kuma ga ɗan malamin makarantar ƙauye da ya zo a shirye tsaf. Abin da ya fi raba su shi ne ko akwai wani a kusa da yaro da ya taɓa bin hanyar, da kuma irin sakandaren da ya yi. Masanin zamantakewa na Faransa Pierre Bourdieu ya daɗe da bayyana cewa makaranta tana saka wa ɗalibi a kan salon magana da sanin hanyoyin da ya gado daga gida, sannan ta kira shi hazaƙa. Wani masanin na Amurka kuma, Vincent Tinto, tun 1975, ya danganta barin jami'a da rashin shiga jikin harkar karatu da jama'ar makarantar. Ƙauye dai ya fi tara waɗannan giɓin wuri ɗaya: nisa, ƙarancin malamai da kayan gwaji, raunin intanet, da rashin wanda za a tambaya.

'Yan birni ma suna da nasu ramin. Da yawa sukan tarar aji ɗaya maimaicin abin da suka yi a sakandare ne, sai su saki jiki, aji biyu ya zo musu da sabon abu ba su da ɗabi'ar zama su yi karatu. Mai zuwa daga gida kullum yana zubar da awoyi a hanya, ga aiken gida, ga tsofaffin abokai, ba ya samun karatun dare da 'yan ɗakin kwana ke yi tare. Kuma wanda ya saba da malamin darasi na musamman a gida yakan rikice ranar da ba mai bin sa.

A makon farko na kowace shekara nakan tara 'yan ajina in sa kowa ya lissafa CGPA da hannunsa daga sakamakon ƙirƙira, har da mai F biyu a ciki. Ina duba fom ɗin rajistar kowa kafin in sa hannu, in na ga lodi a zangon farko sai mun zauna. Waɗanda suka iso a makare ina ware musu rana in maimaita abin da aka faɗa a taron da ya wuce su, in kai su ɗakin gwaji da kaina in haɗa su da mai kula da shi. Sanarwa yanzu ta koma WhatsApp, don haka nakan tambayi wakilin aji sunayen waɗanda ba sa cikin rukunin, in sa a riƙa liƙa komai a allo saboda su. Bayan tes na farko kuma ba na jiran kowa ya zo. Ina ɗaukar sunayen waɗanda suka samu ƙasa da rabi in aika a kira mini su ɗaya bayan ɗaya, tun ana sauran makonni kafin jarrabawa.